Hutun Kwana Biyu a Wikki: Lissafin Ɗan Kasuwa Mai Ƙaramin Guzuri

BAUCHI — Da zarar an sauko daga masallacin Juma'a a birnin Bauchi, akan ga waɗansu motoci sun ɗauki hanyar Gombe, su ratse a Dindima, su nufi gandun dajin Yankari. Sau da yawa lambar Abuja ko ta Filato ko ta Kano ce a jikinsu. Su kuwa 'yan kasuwar Wunti da na Muda Lawal da na Babbar Kasuwa, shago suke komawa, domin a wurinsu Asabar da Lahadi ba su da bambanci da Litinin. Akwai da yawa daga cikinsu da aka haifa a Bauchi, suka yi furfura a Bauchi, amma ba su taɓa tsoma ƙafa a ruwan ɗumi na Wikki ba, alhali kuwa tafiyar ba ta wuce ta sa'o'i biyu ba.

Dalilin da aka fi bayarwa shi ne tsada da rashin lokaci. Amma idan aka zauna aka yi lissafi irin na kasuwa, za a ga cewa hutun kwana biyu domin gyaran jiki da kwantar da hankali ba sai mai babban jari ba. Abin da yake bukata shi ne tsari, da haɗa kai, da sanin inda kuɗi ke zurarewa. Haka kuma za a ga cewa rashin hutun ma yana da nasa farashi, wanda ba a rubuta shi a littafin shago sai ranar da ya zo gaba ɗaya.

Gajiya ma asara ce

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da sakamakon wani bincike na haɗin gwiwa game da tsawon lokacin aiki. Binciken ya nuna cewa mutumin da ke aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako yana da ƙarin haɗarin kamuwa da shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100, idan aka kwatanta shi da mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40. An ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka rasu a duniya ta wannan hanya.

Ɗan kasuwar da ke buɗe shago ƙarfe takwas na safe ya rufe ƙarfe shida na yamma, kwana bakwai a mako, yana yin sa'o'i 70 ke nan, ban da lokacin da yake ɓatawa da dare yana bin bashi ta waya ko yana jiran labarin motar kaya daga Legas ko Anacha. Ya haye wancan ma'auni da sa'o'i 15.

Har ila yau, hukumomin biyu sun bayyana a 2022 cewa ciwon damuwa da fargaba suna jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 a duk shekara, abin da ke rage wa tattalin arzikin duniya kimanin dala tiriliyan ɗaya. A nan gida Nijeriya, sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa abin ya fi tsanani, domin shi ne jarin, shi ne manajan, shi ne akawun. Ma'aikacin gwamnati idan ya kwanta asibiti albashinsa na tafiya. Mai shago kuwa in ya kwanta, ciniki ya tsaya, masu bashi su yi shiru, kuɗin magani kuma daga uwar kuɗi za a ciro shi. Shagunan da suka rufe bayan maigida ya faɗi da hawan jini ba baƙon abu ba ne a kasuwannin Arewa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kasuwar da duniya ta buɗe

A ƙasashen waje, tafiya domin hutun jiki da na zuciya ta daɗe da zama sana'a mai zaman kanta. Garuruwa irin su Bath a Ingila da Baden-Baden a Jamus sun ginu ne a kan maɓuɓɓugan ruwan zafi tun zamanin Rumawa. A Japan ma akwai dubban masaukai da ke cin abinci daga irin wannan ruwa. Cibiyar Global Wellness Institute ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 masu yawon buɗe ido domin lafiya sun kashe kimanin dala biliyan 830 a duniya.

Abin da ake sayarwa a irin waɗannan wurare, in aka cire ƙyale-ƙyale, abu biyar ne: shiru, ruwa, tafiyar ƙasa, abinci marar nauyi, da isasshen barci. A kan tara mutane na kwana biyu ko uku, a raba su da waya, a tsara musu lokacin motsa jiki da na tunani, a karɓi kuɗi mai kauri.

Manufar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. I'itikafi a goman ƙarshe na azumi da halwar da aka sani a ɗariƙun Sufaye duk keɓewa ne daga hidimar duniya na ɗan lokaci, kodayake su ibada ce, ba hutu ba. Majami'u ma suna da nasu tarurrukan keɓewa, kuma gidan hutu na Miango kusa da Jos ya daɗe yana karɓar irinsu. Abin da bai samu gindin zama ba shi ne mutum ya ware kuɗi da lokaci musamman domin jikinsa ya huta, ba tare da an yi masa kallon mai almubazzaranci ba.

Sauyin da tattalin arziki ya samu kuwa ya sa hankali ya fara komowa gida. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Attajiran da suka saba zuwa Dubai ko Alƙahira su sha iska sun ga kuɗin tafiyar ya ninka fiye da sau uku. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. A irin wannan yanayi, wurin hutun da ake biya da naira, ake isa da mota, ya ƙara daraja.

Abin da Bauchi ta mallaka

Gandun dajin Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alƙaleri, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin Jihar Bauchi. Daga birnin Bauchi zuwa sansanin Wikki kimanin kilomita 110 ne. Babbar ƙofar shiga tana ƙauyen Mainamaji, kuma daga ƙofar zuwa sansanin akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji.

Maɓuɓɓugar Wikki tana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, tana fitar da kimanin lita miliyan 21 na ruwa a kowace rana, ya gangara zuwa kogin Gaji. Ɗuminsa digiri 31 ne a ma'aunin Selshiyas, dare da rana, rani da damina. Ruwan garai-garai yake, ana hango farin yashin da ke ƙasansa, kuma wurin wankan ya kai tsawon kimanin mita 200. Akwai waɗansu maɓuɓɓugan a cikin dajin, irin su Dimmil da Mawulgo, amma Wikki ce babba, ita ce kuma aka gina masauki a gefenta.

Wannan ɗumi na digiri 31 yana da muhimmanci. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, saboda haka ruwan bai kai ya galabaitar da mutum ba, bai kuma yi sanyin da zai kore shi da wuri ba. Daɗin daɗawa, idan mutum ya shiga ruwa har wuya, ruwan yana ɗauke kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin da gwiwoyi da ƙugu ke ɗauka. Mai ciwon baya saboda zaman benci, ko mai ƙiba da tafiyar ƙasa ke wahalarwa, yana iya yin tattaki a cikin ruwan ba tare da ya ji jiki ba. A ƙasashen Turai ana gina tafki a dafa masa ruwa da lantarki domin a sami irin wannan. A Wikki kyauta ce daga Allah.

Ban da ruwa, dajin yana da giwaye, waɗanda ƙungiyar kare namun daji ta Wildlife Conservation Society ta ƙiyasta yawansu tsakanin 100 zuwa 150, garke mafi girma da ya rage a Nijeriya. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, dorina, gadu, gwaggon biri, da 'yan zakuna da suka rage, tare da tsuntsaye fiye da iri 350. Akwai kuma kogunan Marshall da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey. A sansanin akwai ɗakunan kwana fiye da ɗari masu daraja daban-daban, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da gidan cin abinci, da zauren taro, da ɗan gidan adana kayan tarihi.

Inda kuɗin ke tafiya

Kuɗin wannan tafiya ya kasu gida biyar: sufuri, kuɗin shiga, masauki, abinci, da kuɗin zagayen kallon namun daji. Farashi yana sauyawa, saboda haka wajibi ne a tuntuɓi hukumar gandun a tabbatar da shi kafin a tashi. Amma tsarin lissafin ba ya sauyawa, kuma sirrinsa ɗaya ne: uku daga cikin biyar ɗin, wato mota da ɗaki da motar zagaye, kuɗinsu ɗaya ne ko mutum guda ne ko mutum huɗu. Biyu ne kawai, kuɗin shiga da abinci, ake biya bisa kai.

A ɗauki sufuri. Zuwa da dawowa kilomita 220 ne. Ƙaramar motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta bukaci lita 22. A ce 25 saboda ko-ta-kwana. Kafin a janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wannan mai bai kai na naira 5,000 ba. Idan aka ƙaddara lita a kan naira 1,000 domin sauƙin lissafi, man ya zama na naira 25,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024. Mutum ɗaya in ya ɗauki wannan shi kaɗai ya ji nauyi. Mutum huɗu kuwa kowa naira 6,250 zai bayar. Idan mutum goma sha huɗu suka ɗauki shatar bas daga tasha, kason kowa ya ƙara sauka.

Wanda ba shi da mota ya lura da abu guda. Motocin haya na hanyar Gombe suna sauke mutum a Dindima, daga nan a nemi ta Mainamaji. Amma daga ƙofa zuwa sansani ba a shiga da ƙafa, kuma ba hanyar 'yan haya ba ce. Wanda ya isa ƙofa ba tare da shiri ba zai iya wuni yana jiran mai rage masa hanya, ko ya biya shata mai tsada. Don haka arahar motar haya a nan tana iya zama tsada. Shata tun daga Bauchi, tare da yarjejeniyar ranar dawowa, ta fi kwanciyar hankali.

Ta fuskar masauki, zaɓi biyu ne. Na farko a kwana a Bauchi a yi sammako, a wuni a Wikki, a dawo kafin magariba. Wannan shi ne mafi araha ga mazaunin birnin, tun da a gidansa zai kwana, amma sa'o'i huɗu na ranar sun tafi a mota, kuma an rasa abin da ya fi amfani, wato daren da babu hayaniya da wankan asuba. Na biyu a kwana ɗaya a sansanin, mutum biyu a ɗaki. Ga mai neman hutu na gaskiya, kwana ɗayan nan shi ne zuciyar tafiyar, kuma gara a rage darajar ɗaki da a soke kwanan. Ɗakin barci kawai za a yi a cikinsa.

Abinci shi ne inda ake samun ragi mai yawa ba tare da an cutu ba. Duk abin da ake sayarwa a tsakiyar daji sai da aka yi masa dakon kilomita ɗari, saboda haka dole ya fi na gari tsada. Masu dabara sukan yi guzuri daga kasuwar Muda Lawal: ruwan sha, lemo, kankana, dabino, ƙuli-ƙuli, dambun nama, burodi, da masar Bauchi ta karin kumallon ranar farko. Sai a sayi abinci mai zafi sau ɗaya a rana a sansanin.

Zagayen kallon namun daji kuwa da jagora ake yinsa, da safe ko da yamma. Sau ɗaya ya isa, kuma a cika motar. Wanda ya zo hutu ba ya bukatar ya bi giwa sau uku.

Sai batun lokaci. A ranakun Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara sansanin yakan cika, ɗaki ya yi wuya, wurin wanka ya zama kasuwa. Mai neman shiru ya kauce wa waɗannan ranaku. Namun daji an fi ganinsu da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Amma ruwan Wikki bai san rani ko damina ba, don haka wanda ruwa da shiru suka kawo shi yana iya zuwa a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci.

Ribar da aka bari a shago

Akwai kuɗi na shida da ba a biyan kowa, amma shi ne ya fi hana ɗan kasuwa tafiya: cinikin da zai rasa. Shi ma a lissafa shi da gaskiya. A ƙaddara cewa shago yana kawo ribar naira 20,000 a rana. Idan an tashi Asabar da safe aka dawo Lahadi da yamma, mafi munin abin da zai faru shi ne a rasa naira 40,000. Amma da wuya a rasa duka, domin abokin ciniki na dindindin zai dawo Litinin, kuma idan akwai yaron shago amintacce ba sai an rufe ba. Kwanciyar mako biyu a asibiti kuwa, a kan wannan lissafi, ribar naira 280,000 ce ta tafi, ban da kuɗin gado da na magani.

Hasali ma tafiyar gwaji ce ga shagon kansa. Kasuwancin da ba zai iya yin kwana biyu babu maigida ba yana da rauni, ko maigida ya tafi hutu ko bai tafi ba. Kafin a tashi sai a ƙirga kaya, a rubuta farashin ƙarshe na kowane abu, a hana bayar da bashi har a dawo, a sa masu saye su tura kuɗi ta asusun banki na shago. Ranar Litinin a sake ƙirgawa. Abin da wannan ƙirga ta nuna game da yaro da kuma littafin shago, ilimi ne da ya cancanci kuɗinsa.

Kada a ci bashi, kada a taɓa jari

Ƙa'idar farko ita ce kuɗin hutu daga riba yake fitowa, ba daga uwar kuɗi ba, ba kuma daga rance ba. Wanda ya ci bashi ya je hutu ya sayo damuwar da ya je gudu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda kasuwa ta riga ta sani, wato adashi. Idan 'yan layi ɗaya su goma suka riƙa zuba naira 5,000 kowane mako, cikin mako takwas an tara naira 400,000, kowa yana da 40,000. Maimakon mutum ɗaya ya kwashe, sai a yi shatar mota, a kama ɗakuna biyar, a yi cefane a dunƙule. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata masu sana'a da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata duk suna da ma'aji da littafi, ba sai an kafa sabon abu ba. Ayari kuma yana da bakin neman ragi wanda mutum ɗaya ba shi da shi. Yana da kyau a ware kashi 10 cikin 100 na abin da aka tara saboda faci ko wata larura, a kuma riƙe tsabar kuɗi, domin a daji ba a dogara da na'urar cirar kuɗi ko layin waya.

Yadda za a tsara kwana biyun

Bambancin hutu da yawon shaƙatawa shi ne tsari. Ayarin da ya tafi da lasifika da karta da labarin siyasa zai dawo da gajiyar da ta fi wadda ya tafi da ita. Tsarin da ya dace ba shi da wuya.

A tashi daga Bauchi bayan sallar asuba ranar Asabar, a isa da hantsi. A amince tun a mota cewa waya za ta zauna a jaka, a duba ta sau biyu kawai a rana, kuma ba za a yi maganar farashi ko bashi ba. Kafin azahar a shiga ruwa na rabin sa'a, a yi tafiya a hankali a inda bai wuce ƙirji ba. Bayan abincin rana a yi ƙailula. Da la'asar a fita zagayen daji. Bayan isha a kwanta da wuri. Likitoci suna son baligi ya sami barcin sa'o'i bakwai ko fiye, abin da yawancin 'yan kasuwa ba sa samu.

Ranar Lahadi bayan asuba kowa ya sami sa'a guda shi kaɗai, ko zikiri, ko karatu, ko addu'a, ko zama shiru kawai. Sai tattaki a cikin harabar sansanin, a sake shiga ruwa, a karya kumallo. Idan akwai ma'aikacin lafiya a cikin ayarin, ko an gayyaci ɗaya an ɗauke masa kuɗin tafiya, sai ya auna hawan jinin kowa ya yi bayani a kan gishiri da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum ke ci ya kai giram biyar a rana, kuma ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. A kama hanya da azahar domin a shiga gari da sauran rana.

Abubuwan kiyayewa

Kwana biyu a Wikki ba magani ba ne. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da maganinsa, kada ya ajiye shi don ya ji daɗin jikinsa. Mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da mace mai ciki su nemi shawarar likita kafin shiga ruwa. Wanda rashin barci ko ƙuncin zuciya ya ɗauke shi makonni, likita yake bukata, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin gari. Sansanin yana da nisa da babban asibiti, saboda haka ba wurin gwada ƙarfi ba ne.

Wurin wankan yana da inda ya fi tsayin mutum zurfi. Wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a gefe, yara kuma kada a ɗauke ido daga kansu. Iyalai da ayarin mata da ke son sutura su tattauna da ma'aikata game da lokacin da wurin ba shi da jama'a, galibi da sassafe. Gwaggon biri a sansanin ya saba da mutane, yana fizge leda a hannu yana shiga ɗakin da aka bari a buɗe, don haka a rufe ƙofa da taga, kada kuma a ba shi abinci. A tafi da gidan sauro ko maganin shafawa, da tufafi masu rufe hannu saboda tsando.

Game da tsaro, an sami hare-haren 'yan bindiga a waɗansu ƙauyukan ƙaramar hukumar Alƙaleri a shekarun baya-bayan nan. Hankali shi ne a tambayi hukumar gandun halin da hanya ke ciki a makon tafiya, a yi tafiya da rana, a kuma bi umarnin masu gadin daji.

Wanda Yankari ta yi wa nisa yana da madadi. Gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa, wanda aka zuba wa raƙuman dawa da jakunan dawa daga Namibiya a 2006, ya fi kusa, ana zuwa a dawo a wuni ɗaya. A cikin gari ma akwai hubbaren Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wuri mai natsuwa, da bakin madatsar ruwa ta Gubi a bayan gari. Ba su da ruwan ɗumi, amma shiru da tattaki ba su da tsada.

Ga masu neman inda za su sa jari

Duk abin da ya wahalar da matafiyi a sama, sana'a ce ke jiran mai yi. Mai bas da zai tsayar da ranar tashi duk Asabar daga Bauchi zuwa Wikki ya dawo Lahadi, mai dafa abinci da za ta shirya guzurin ayari, da mai haɗa tafiya da zai karɓi kuɗi ɗaya ya ɗauke wa mutum mota da ɗaki da jagora da ma'aikacin lafiya, duk za su sami masu saye a cikin ma'aikatan bankuna da malaman jami'a da ƙungiyoyin kasuwa. Jarin farko ba gini ba ne. Amana ce da cika alkawari. Filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da kuma aikin haƙar mai na Kolmani da aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2022 a iyakar Bauchi da Gombe suna iya ƙara yawan baƙi, amma kasuwar da ba ta yankewa ita ce ta 'yan gida.

Jihar da ke yi wa kanta kirari da yawon buɗe ido tana da nata rabo a cikin lissafin. A 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da Wildlife Conservation Society domin ƙarfafa aikin masu gadin dajin, aikin da ke cin kuɗi kowace rana ko baƙo ya zo ko bai zo ba. Ɗakin da ya kwana babu kowa asara ce da ba ta dawowa, kamar tumatirin da ya kwana bai sami mai saye ba. Baƙon waje yana zuwa sau ɗaya, labarin tashin hankali guda ya hana shi dawowa. Ɗan Wunti da ya saba zuwa sau biyu a shekara tare da 'yan layinsa kuwa, shi ne zai riƙe sansanin a watannin da babu kowa, kuma kuɗin shigarsa yana cikin abin da zai sa giwayen Yankari su kai ga jikokinsa.

Ruwan Wikki yana fita lita miliyan 21 a kowace rana, ko an shiga ko ba a shiga ba. Abin da ya rage ga ɗan kasuwa shi ne ya buɗe littafinsa, ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin kuɗin haya da na lantarki da na dako, ya rubuta: gyaran maigida.